Kawuna ya sa na rantse a kan kayan aro

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe.

Ni nas ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Sakkwato. Mai asibitin kawuna ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ya sa ni makaranta. Kafin damina aka ce masu bincike za su zo su ga ko mun shirya karɓar yara idan an yi ambaliya ko gini ya rufta. Mu kuwa ko abin shaƙar oksijin na jarirai ba mu da shi, sai na manya. Kawu ya je ya aro komai daga asibitin abokinsa, kamar yadda ake aro wa amarya kwanuka, ya ce in tsaya in nuna musu. Na ce, "Kawu, in suka tambaya fa?" Ya ce, "Ki ce namu na. Namu na bisa hanya, ɗiyata, ƙarya zan miki?" Na yarda. Har wallahi na ce wa mutanen nan. Suna fita aka kwashe kayan.

Abin da ya fi ci mini rai, da bakina na bi matan unguwar Ƙofar Marke ina cewa in wani abu ya faru su kawo yaransu wurinmu, mun shirya. Ai na ɗauka kayan sun kusa isowa.

Makon jiya aka yi ruwa, katanga ta faɗa kan jaririn ƙawata. Ta wuce babban asibiti a cikin Keke Napep, ta kawo mini shi saboda maganata. Na kifa masa abin manya, ya rufe masa har ido, iskar tana fita ta gefe. Dole muka tura su inda ta baro. Yaron yana can, har yau bai farfaɗo ba.

Da mijinta ya zo neman ba'asi, ina tsaye Kawu ya nuna ni ya ce, "Ni nic ce ta bi gida-gida? Ku tambaye ta." Mutumin da nake kira uba! Ashe tun farko bai yi odar komai ba.

In na tona, dangi za su ce na ci amanar wanda ya raine ni. In na yi shiru, damina ba ta ƙare ba, kuma akwai uwayen da har yanzu ƙofarmu za su nufo da gudu. Me zan yi?