Awa Uku Ina Ba Ki Labari

Zuwa ga Lorraine, hasken idona, ɗumin ɗakina, abokiyar tafiyata ta shekara arba'in da ɗaya,

Daga hamadar Arizona nake rubuto miki, a kan ɗan teburin nan na cikin motar kwananmu, wanda kullum kike mitar yana rawa. Rana ta ɗaga, yashi ya yi ɗumi, tsofaffi irinmu sun baza kujeru a gindin motocinsu suna gasa gwiwa. Ni kuwa sanyi nake ji, irin wanda ban taɓa ji a garinmu Duluth mai ƙanƙara ba ko a tsakiyar Janairu. Wane amfani wannan rana za ta yi mini? Ba don ciwon gaɓoɓinki likita ya ce mu gudo daga ƙanƙara ba? Ga shi ni mai lafiyar ƙashi ina shan rana kamar ƙadangare, ke kina can arewa cikin sanyi a gidan yayarki Darlene, yatsu a kumbure, ko murfin kwalba ba kya iya buɗewa.

Bari in faɗi laifina da bakina. Safiyar nan a Kansas da na tsaya shan mai, na bar ki kwance a gadon baya, labule a sake. Ban ga fitarki ba. Na hau na ta da mota, ashe kina banɗakin gidan man, daga ke sai silifas, wayarki tana ƙarƙashin matashi. Awa uku ina tuƙi, rabin raina, awa uku ina ba ki labari! Na yi miki tsiyar nauyin barci, na ba ki tarihin kowane gari, na yi wasa na yi wa kaina dariya. Sai da ɗan sanda ya tsayar da ni ya ce, "Baba, ina matarka?" Na ce, "Tana baya tana barci, ka rage murya." Ya ce, "To leƙa mana."

Har yau ina tuna yadda na ɗaga bargon nan na tarar ba kowa.

Kafin in dawo, matar da ke tsaron gidan man ta ara miki rigar sanyi ta kai ki tashar bas. Ita ta miƙo mini takardarki, tana kallona kamar wanda ya taka kyanwa. Na haddace ta: "Wendell, ba mantuwar ce ta dame ni ba. Na san duk hanya surutu kake yi mini, ba ka ji na amsa ba, kuma ba ka ga wani bambanci ba. Ka ci gaba da tafiyarka."

Kin san halina. Zuciya ta ɗebe ni, na ce to shi ke nan, na karya kan mota na yi kudu. Taurin kai ne kawai ya kawo ni nan, mako uku ke nan ina dafa kofi na mutum biyu ina zubar da rabi.

Jiya wata mata 'yar Kanada da motarta ke kusa da tamu ta tambaye ni, "Ita maiɗakin taka tana son hamada kuwa?" Na buɗe baki, ni da ban taɓa rasa amsa ba, na tarar ban sani ba. Ban taɓa tambayarki ba. Shekara arba'in ina sana'ar aski, na saba magana da ƙeyar mutum, ashe haka na mayar da ke a gidanki. Kaicona! Sau nawa kika soma magana na tare ki? Me kika haɗiye duk shekarun nan, ke da muryarki ta fi mini ruwan sanyi a wannan ƙishirwa?

Tsoro nake ji, Lorraine. Ina tsoron kin ɗanɗana zama ba ni, kin ji daɗinsa.

Gobe da sassafe zan zubar da ruwan tanki don kada bututu ya fashe a sanyi, in juyo arewa. Zan ajiye motar a ƙofar gidan Darlene, ta zage ni son ranta, na cancanta. Ba zan ce ki shigo ba. Tambaya ɗaya zan yi miki, ina kike son mu je, sannan in ja bakina in tsuke. Idan hamada ce, to. Idan gida ne, in sayo miki safar hannu mu zauna. Ko shekara za ki yi ba ki amsa ba zan jira, kuma wannan karon zan san ba ki amsa ba.

Naki ke kaɗai, har numfashina na ƙarshe,
Wendell