Kayan da Baba Ya Jefa a Teku

Bar Sudan, 3 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga ƙanena Iliyasu, a Zakirai.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina gaida Inna, da matarka Hure, da yara gaba ɗaya. Wasiƙarka ta iske ni. Na ji labarin fari, na ji rumbuna sun ƙare tun kafin bazara. Allah ya kawo sauƙi.

Ka nemi in yarda a sayar da gonata ta gado, ta bakin kwari, a ci da gida. Da ka tsaya nan da na ji. Amma sai ka jawo mini waƙar teku ta marigayi Baba, ka ce Liman Sama'ilu ya fassara muku ita a zaure: teku duniya ce, jirgi addini, gaɓar can Lahira, kayan da matafiya suka jefa a ruwa da guguwa ta taso kuwa dukiya ce. Wato in jefa tawa.

To bari in gaya maka abin da na daɗe ina haɗiyewa. Shekara goma sha ɗaya ina dako a bakin Bahar Maliya, kafaɗuna sun yi kanta, ina tara guzurin ƙetarawa Jidda. Na san teku. Baba bai taɓa ganinta ba. A waƙarsa ana tura jirgi da gora, kamar kwalekwalen kogi. Matafiya suna hango gaɓar can tun ranar tashi. Igiyar ruwa ya kamanta ta da kunyoyin gona, kumfa da auduga. Nan babu gorar da za ta taɓa ƙasa, ba a hangen komai sai ruwa.

Ba na hana shi haƙƙinsa. Baiti arba'in ya jera a kan amsa-amo ɗaya bai yi tuntuɓe ba, har yau ina rera ta. Amma ita ta fito da ni daga gida, ina zaton sawun mahaifina nake bi. Ita ta cinye mini ƙuruciya, yanzu kuma za ta cinye mini gona? In na dawo da tsufa a ina zan kafa fartanya? Ban yarda ba.

Naka,
Mika'ilu

Zakirai, 19 ga Mayu, 1974

Zuwa ga Yaya Mika'ilu.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ban taɓa gonarka ba, ba kuma zan taɓa ba sai da izininka. Gidan Basiru maƙwabcinmu sun rufe ƙofa sun yi kudu. Mu sau ɗaya ake ɗora tukunya, rabinta ganyen tafasa ne.

Na karanta wa Inna wasiƙarka, na so in tsallake wajen Baba, ta ce in karanta duka. Na karanta har ƙarshe. Sannan ta ce gaskiyarka ce, ko Maiduguri Baba bai taɓa kaiwa ba. Ya shirya tafiya gabas da ƙafa, ya ɗinke guzurinsa a cikin warki, sai aka yi babbar yunwa, kana ɗan yaye. Ya farke warkin ya kai Ɗambatta ya auno dawa. A ƙarƙashin ɗorawar gonar kwari ya yi waƙar, bayan ruwa ya sauka.

Ta ce ka tuna amshin da yake ƙirga matafiya. A farko goma sha huɗu ne, daga baiti na talatin sai su koma goma sha uku, waƙar ba ta faɗi dalili ba. Liman ya ce alama ce ta wanda imaninsa ya zame. Inna ta ce, "Wane imani? Mutanen gidan nan ne ya ƙirga. Wadda ta ragu Safara'u ce, yayarku, mun binne ta kafin girbi." Yaron nan na cikin waƙar da yake gaban jirgi yana nuna gaɓa da yatsa kuma, ta ce kai ne.

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun ran da ka ɗaura kaya. Ta ce Baba ya hana, don kada ladansa ya zube a bakin mutane. Ta ce kuma ta yi zaton Allah ya rubuta ka ƙarasa masa tafiyar ne.

Ni na yi kuskure, Yaya. Ba gona Baba ya jefa ba. Ka yafe mini. Ban san abin da zan ce maka ka yi ba.

Ƙanenka,
Iliyasu

Bar Sudan, 27 ga Yuni, 1974

Iliyasu,

Sallama a gare ku. Guzurina ya cika tun watan jiya, har na ga jirgin da zan shiga bana. Kwana uku ina zuwa ina tsayawa ina kallonsa bayan na karanta wasiƙarka.

Alhaji Dogo na Ungogo zai taso jibi da motar masu dawowa. Na ba shi ƙullin guzurin a cikin tsohuwar rigata. Ka farke gefenta ka tafi Ɗambatta. Kada ka sayar da gonar, ka shuka ta, ka bar ɗorawar.

Har yanzu ina nan a kan bakana, ba a tura jirgin teku da gora. Ka ce wa Inna ta yafe mini sauran abin da na faɗa. In ka rubuto, ka ƙirgo mini mutanen gidan, kowa da sunansa.

Wassalam.
Mika'ilu