Wuƙar Clive a Hannuna

Zuwa ga Hazel, sanyin idanuna, furen da ke huda ƙanƙara ya fito tun sanyi bai gama tafiya ba, ranar da ke leƙo wa Yorkshire bayan mako guda ana ruwa!

Gaisuwa mai tarin yawa, da begen da ya fi ƙarfin wannan takarda. Na ɗauki alƙalami ne don bakina ya gaza. Sau nawa na buɗe shi a gabanki, kika dube ni, maganar ta koma ciki?

Kin tuna Lahadin farko da kika kai ni gidan mahaifiyarki? Ni tuzuru ɗan shekara hamsin, wanda ya saba cin wake daga gwangwani a tsaye. Tun daga ƙofa ƙamshin gasasshen naman sa ya tare ni. Mama Doreen na tsaye tana gadin oben, tandar da take gasa fanke a ciki, ta hana kowa taɓa murfin, wai iska na shiga fanken zai kwanta. Ta manta shekarar da muke ciki, ta manta inda ta ajiye tabaranta, amma hannunta bai manta ƙwai nawa ke shiga ƙullu ba. Da fanken ya fito a kumbure, ta cika cikinsa da romo mai kauri, ta ba mu shi tun kafin nama kamar yadda uwarta ta koya mata. Ga dankali ya sha kitse yana ƙaras-ƙaras, ga karas da kabeji, ga tuffa mai zafi da kwastad na jira. Wallahi Hazel, a ranar na san cewa duk rayuwata yunwa nake ji ban sani ba.

Sai ta miƙo mini wuƙa mai ƙotar ƙashi, ta ce, "Clive, ɗana, tashi mana! Naman zai yanka kansa ne?"

Clive, mijinki, da ya cika shekara huɗu a ƙasa. Shi ne ya gaji yankan nama a teburin nan bayan mahaifinki, kuma a kujerarsa aka zaunar da ni. Na dube ki, kika matse mini gwiwa ta ƙarƙashin tebur. Na gane, na tashi na yanka. Mama ta leƙa farantinta ta ce, "Kai, wannan yanka ne ko faskare? Da fa sirara kake yi, har ana hango faranti ta ciki!" Kika yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauka tausayin tsohuwa ne na yini ɗaya.

Yau wata bakwai ke nan, ya abar ƙaunata. Kowace Lahadi da rana ina shiga gidan a matsayin kaina, ina zama a matsayin wani. Gefen naman da ya ƙone, rabonsa, ni ake ba. Na koyi wasa wuƙar sau shida a kowane gefe domin haka yake yi. Kitsen hannunsa ya ci ƙotar, yatsuna suna faɗawa daidai inda nasa suka lotsa. Wani lokaci ina yanka sai in ji kamar mutum na tsaye a bayana yana duba aikina. Kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi shiru ne saboda kwaɗayi: kwaɗayin romon, da ɗumin ɗakin, da a ce mini "ɗana". Ina tsoron in buɗe baki a ɗauke mini farantin duka.

Amma Lahadin da ta wuce, na yanka naman sirara ba tare da na yi niyya ba. Na ɗago na ga kin ƙura wa hannuwana ido, kina wani murmushi da ban taɓa samu daga gare ki ba. Sannan kika ɗebi mastad, yajin nan da Clive yake so, kika zuba a gefen farantina. Hazel, kin san ba na cin mastad! Ke ce kike tsokanata a kan haka. Ba Mama ce ta manta ba a wannan karon. Na cinye shi tas, hawaye na zubo mini, kuka ce yaji ne.

Wa kike gani idan na tsaya a gaban teburin nan? Wa kike riƙe wa hannu a hanyar komawa gida? Ba na kishi da mamaci, Allah ya sani. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Ban ce ki cire hotonsa ba, ban ce a tayar wa tsohuwa da hankali ba. Mama ta ci gaba da kirana yadda ta ga dama, zan amsa mata har ƙarshen ranta. Ke kaɗai nake roƙo. Lahadi mai zuwa, idan ta miƙo mini wuƙar, ki dubi fuskata, ki kira ni da sunana sau ɗaya, ko da a hankali ne. In kin kasa, ki faɗa mini gaskiya, zan ajiye wuƙar in sa rigar sanyina in tafi.

Ko kin kira ko ba ki kira ba, zuciyar nan ba ta da wata sai ke har numfashina ya ƙare.

Naki mai rai,
Desmond