Sukari a Kwaɗon Masu Ciki

Zuwa ga Sarkin Kasuwar Tudun Wada. Gaisuwa mai yawa da ban girma, ranka ya daɗe. Daga Inna Ladi, ungozoma. Na sa an rubuta wannan don a karanta a bainar jama'a, tunda maganar da na kawo maka a zaure dariya ta zama.

Na farko. Kowace mace ta san abin da zaƙi ke yi wa mai ciki. Ya taru mata a mara, ranar haihuwa naƙuda ta yi ta ja, ɗa ya ƙi saukowa. Shi ya sa nake hana masu ciki zuma da rake, in ce su lizimci kwaɗon rama, tsaminsa ya tsinka zaƙin. Haɗinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne: a dafa rama a matse, a daka ƙuli-ƙuli, a sa gishiri da barkono da albasa, a ɗiga man gyaɗa, in rama ta yi salam a ƙara ruwan tsamiya. Shi ke nan.

Na biyu. Tun da jirgin ƙasa ya kawo kanti, wani kuku da aka sallama daga bariki ya koya wa masu kwaɗon bakin kasuwa barbaɗa sukari, wai haka Bature ke cin ganyensa. Ban ga Bature ba, ban san cikinsa ba. Abin da na sani shi ne 'yata Hauwa, mai cikin fari, tun watan azumi take sayen wannan kwaɗo kullum, bisa umarnina, tana zaton magani take ci. Ranar Laraba na shiga ɗakinta na tarar kiyashi sun yi baƙi a akushin kwaɗon. Na lakata na kai baki. Barkono da sukari, yauƙi-yauƙi, yatsu suna manne wa juna kamar an taɓa ƙaro. Na fita bayan ɗaki na tofar, har yanzu in na tuna yawu ke taruwar mini.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Masu kwaɗon ba sa faɗa wa kowa sun sa sukari. Da sun ce alewa suke sayarwa, da ba ruwana. Da na kawo ƙara ka ce zamani ne, mutanenka suka yi ta ƙyaƙyatawa. Su dai ba sa durƙusawa a ɗakin haihuwa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka sa a yi shela: kwaɗo ya koma yadda iyayenmu ke yi, wadda kuma ta nace sai ta sa sukari ta faɗa da bakinta kafin ta zuba wa mace.

Hauwa ta shiga watanta. Na dawo da ita gabana, ni ke yi mata kwaɗo, ina ɗura mata jiƙon tsamiya, ina tsoro. Jiya kuma aka kira ni gidanka in duba surukarka, matar babban ɗanka, da cikinta ya tsufa. Akushin da na gani a bakin gadonta na bakin kasuwa ne. Na lakata, shi ne mai sukarin nan.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon gyarawa, ya sauki matan gidanka da nawa lafiya.

Wassalam.