Maganin da Bai Riski Direba Ba

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ina rubuto miki daga asibiti. Ciwon da ya ɗauke mini ɗana Direba shi ne ya kama ƙanwarsa Gimbiya. Fuska ta kumbura, fitsari ya ɗauke. Har ɗakin da aka ba mu shi ne na wancan karon, fenti kawai aka sake.

Likita ya zaunar da mu ni da babanta. Ya ce a jinin kowa akwai wasu sojoji na garkuwar jiki masu huda ƙwayoyin cuta. Nata ba su da birki, sai suka juya kan ƙananan jijiyoyin ƙodarta. Wai yanzu akwai maganin da ke ɗaure musu hannu, ta ƙarin ruwa ake ba da shi. Amma idan an ɗaure su ƙofa ta buɗe wa sanƙarau, shi ya sa aka yi mata rigakafi, aka haɗa da ƙwayoyi. Babanta ya yi ta tambayoyi. Ni na ce to.

A gaida kowa.
Autarku

Auta ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da sannu, da sannu kuma. Na karanta wasiƙarki a tsaye a ƙofar kicin, har tukunyata ta ƙone. Ke da idan allurar keken ɗinkinki ta karye sai duk layi ya ji, yau ke ce kike ba ni labarin 'yarki kamar mai karanta sanarwa? Kina cin abinci kuwa? Kin yi kuka?

Ban sha kwano ɗaya da likitoci ba, amma na san wanda ya ba da ciwo shi ke ba da magani. Gimbiya ba Direba ba ce, kowa da ranarsa. Ki ce in zo, in bar wa mai gidan nan 'ya'yansa, ya ga yadda ake yi.

Allah ya tashi kafaɗarta.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

Maganin ya karɓe ta. Fitsari ya dawo, kumburin ya saɓe, an cire ta daga injin wankin ƙoda. Ranar da aka cire, ma'aikatan jinya suka yi ta yi mana barka, babanta ya juya bango yana share ido. Ni ina naɗe bargo. Na jira murna ta zo, kamar mai jiran mota a bakin titi. Ba ta zo ba.

Likitan shi ne ya duba Direba. Da zai sallame mu na tambaye shi yaushe maganin ya iso asibitin. Ya daɗe yana gyara abin awonsa.

"A shekarar," ya ce. "Bayan rasuwarsa da 'yan watanni."

Na yi masa godiya, na ɗauki jakarmu.

Muna gida. Duk sati biyu muna komawa, a rataya mata robar ƙarin ruwa, ta zauna tana zane har ruwan ya ƙare. An ce ko ɗan zazzaɓi ta yi kada mu jira, mu taho. Na koma ɗinki. Jiya na yanka hannun riga biyu duk na hagu, mai kayan ta yi ta faɗa, ina kallon bakinta. Ina cin abinci. Ban yi kuka ba.

Ki gaida yara.
Auta

Auta,

Gaisuwa. Ba zan ce miki ki gode wa Allah ba, na san kin gode. Wanda kika binne ma ɗanki ne, kuma tun lokacin babu wanda ya bar ki kika zauna kika yi makokinsa, har da ni, da na yi ta ce miki haƙuri. Jakata a ɗaure take. Kalma ɗaya nake jira.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Yau Gimbiya ta same ni a kan keke, ta tambaye ni ko fushi nake da ita. Na ce a'a. Ta ce to me ya sa goshinta kaɗai nake taɓawa.

Ki zo.

Auta