Igiya Ta Biyu Tana Nan

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina gaishe ku da haƙurin wannan shekara ta fari. Don Allah kada a nemi sanin ko ni wane ne, sunayen da zan ambata ma na aro ne. Ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini, in ma tsinuwa ce na riga ku, shekara bakwai ke nan ina yi wa kaina. Shawara nake nema da gaggawa, don kasuwa uku kawai suka rage mini.

Ni mutumin Adar ne, daga wani ƙauye tsakanin Keita da Ibohamane, gindin wani dutse mai goshi a tsaye kamar bango. Na yi cin rani Abijan shekara huɗu, can na tsinto Faransancin bakin kasuwa. Shi ya sa ran da mota ta tsaya ƙofar maigari da anasara uku, maza biyu da mace, ni aka aika a kira. Babbansu dogo ne siriri, nan take muka sa masa Dogo. Ba ruwa suke nema ba, ba ma'adini ba, wai dutsen suke so su hau. Na ce madalla, ga hanya ta baya, tsofaffi ma na bin ta da itace a ka. Ya yi dariya ya ce a'a, ta goshi za su bi, da igiya da ƙusoshi. Maigari ya dube ni ya ce, “Tambaye shi, mi ya manta can bisa?”

Aka sa ni jagora kuma tafinta. Ni kuwa bisa rumbu ma jiri nake ji, don haka na kawo abokina Illa, wanda tun muna kiwon awaki ba a yi mahayin dutse kamarsa ba. Zuma yake ɗebowa daga kogunan goshin nan, ba takalmi, ba igiya, sai yatsu da bisimilla.

Mota ba ta iya kaiwa gindin goshin, sai tafiyar yini guda da jakai ta cikin kwazazzabai. Da za a ɗaura kaya Dogo ya buɗe wani buhu ya nuna mini igiyoyi biyu masu santsi, ja da shuɗiya. Ya ce ransu ke nan. Kada a taka su, kada a bar su a rana, kuma duk abin da za a yi kada su kusanci batir ɗin mota da suka ɗauko don radiyonsu da fitila. Sau uku ya faɗa, sau uku na ce wi, wato na ji. To amma duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san sai ɓangare biyu sun daidaita. Gefe guda bidon ruwa, wato jarka, gefe guda batir, na ɗaga na auna da hannu, na ji gefen batir bai kai ba. Kuma jakina ne, na ga kaifin batir zai goge masa haƙarƙari. Me ke kusa, mai laushi, mai ɗan nauyi? Buhun igiya. Na shimfiɗa shi ƙasa, na ɗora batir bisa, na ɗaure. Jama'a, tausayin jaki na ji, wallahi iyakar abin ke nan.

Wajen la'asar, a wata gangara mai tsakuwa, jakin ya zame ya durƙusa. Ni ke can baya, ba wanda ya waiga. Da na kwance kayan na tarar batir ya karkace, buhun ya jiƙe da wani ruwa mai yaji a hanci. Na fito da igiyoyin, na murza su da rairayi, na goge da bakin rigata, iska ta busar da su. Na duba sama da ƙasa, ko tabo babu, lafiyayyu kamar yanzu aka saye su. Me ya hana ni magana? Kunya. Ni ɗan Abijan, ni mai jin Faransanci, a gaban mutanen garinmu a ce an gaya mini abu sau uku na kasa? Na ce wa raina ruwa ne, ya kuma bushe.

Da gari ya waye na ɗauki rigar zan sa, sai na ga bakinta duk huji, kamar gara ta kwana tana ci. Na taɓa wurin, ya marmashe a hannuna. Na tsaya riƙe da ita ina kallon anasara suna rataya igiyoyin nan a kafaɗa. Na gani. Duk inda na juya maganar nan ba ni da mafita, na gani da idona. Na cusa rigar ƙarƙashin dutse na sa wata.

Suka bi goshi su da Illa, ni na zagaya ta baya da abinci. Kafin azahar duka muna bisa, kwari ya baje a ƙasa, garinmu ya koma kamar tarin ƙwarya, shirwa na yawo ƙasa da ƙafafunmu. Ba wanda ya zame a hawa, don haka igiya ba ta ɗauki nauyin kowa ba. Sauka ce matsala. Su al'adarsu, sai su kafa ƙusa, su ɗaura igiya, mutum ya ba ƙasa baya ya jingina nauyinsa duka a kanta, ya riƙa takawa. Macen ta fara sauka da jar igiya, ina bin ta da ido har ta taka ƙasa ta ɗaga hannu. Na ce alhamdu lillahi, ashe ba komai. Sai Dogo ya ce Illa ya bi, yana so ya ɗauke shi hoto. Illa ya girgiza kai ya ce, “Ni igiya ban san ta ba, yatsuna na sani.” Da na fassara abin da ya ce na yi shiru, da yau yana tafiya da ƙafafunsa. Amma sai na ƙara nawa. Na ce, “Haba Illa, kada ka ba mu kunya gaban baƙi. Igiyar ga mota take ja.” Ya dube ni ya ce, “Kai ka ce?” Na ce ni na ce.

Saura kamar gaba shida ya kai ƙasa muka ji tas, kamar an kaɗa bulala. Ban ga faɗuwarsa ba, ƙararta na ji, kuma har gobe ina jin ta. Bai mutu ba, baya ya karye. A gadon kara muka ɗauko shi har inda mota take. Kafin a tashi Dogo ya ja ni gefe riƙe da guntun jar igiyar, ya ce, “Ta kusanci batir?” Na ce ko kusa. Ya yarda da ni, ya ce to kaifin dutse ne ya yanke ta. Tsofaffin gari suka ce masu dutse ne, iskokin wurin, suka yi fushi, don ba a zuba musu nono a gindi ba kamar yadda kakanni ke yi. Liman ya ce ƙaddara ce. Kowa ya samu bayaninsa, ni na samu mafaka. Da anasara za su koma, Dogo ya je asibiti yana hawaye, ya ajiye wa Illa shuɗiyar igiya, ya ce sabuwa ce, ba ta taɓa ɗaukar kowa ba. Ita ce kuwa ta ƙasan buhu, ita ta fi shan ruwan.

Tun daga nan ni ke nome gonar Illa. Ni ke ɗora shi bisa jakin nan in kai shi masallaci ran Juma'a. Mutane na cewa abota sai ta wane, ni kuwa duk yabon nan wuta ne a cikina. Igiyar tana cikin adaka ƙarƙashin gadonsa, yana kwance bisa kanta safe da yamma, in baƙo ya zo ya sa a fito da ita ya shafa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bana rijiyar garinmu ta ja baya, mata na yini a bakinta su koma da rabin tulu na laka. Dole a shiga a yashe ta, zurfinta kuwa gaba ashirin da biyar. Mai wannan aiki a garinmu Shaibu ne, ƙanen Illa, kuma mijin ƙanwata Habsu, 'ya'yansu huɗu. Igiyoyin kaba da aka saba zura shi da su sun ruɓe, kabar ma bana dabbobi sun cinye ta. Ana cikin shawara ƙofar maigari sai Illa, da na kawo bisa jaki, ya ɗaga murya ya ce, “Ni ban iya tsinana ma garin ga komi ba, amma igiyata ta iya.” Aka yi ta sa masa albarka. Shekara bakwai ban ga fuskarsa ta yi haske haka ba.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na je Madawa na tambayi wani mai gyaran mota, kamar labarin wani nake ba shi. Ya ce ruwan batir ta ciki yake cin irin igiyar nan, waje na sheƙi, ciki ya mutu. Na dawo na ce wa Illa igiyar ta tsufa, ya ce abin da ke cikin adaka ina ya ga tsufa? Na ce ya ba ni ita in duba a gida, ya ce in duba a gabansa. Na ce 'yar'uwarta ta ci shi, kada masu dutse su biyo ta, sai aka kira liman ya tofa mata addu'a, yanzu an ma fi yarda da ita. Na ce a gwada, aka rataya mata buhun rairayi a reshen gawo, ta riƙe, aka yi mini dariya. Jar ma ai ta riƙe mutum guda kafin ta saki Illa, amma wa zan gaya wa haka? Na ce to ni a zura ni, Shaibu ya ce, “Kai da rumbu ke ba jiri? Zamna, suruki, kowa da aikinai.” Sata kuwa ta yaya, mai ita ba ya tashi daga kanta sai in ni na ɗauke shi, ina tare da shi?

Hanya ɗaya ta rage, na san ta, ba sai an gaya mini ba. In tsaya gaban Illa in ce ni ne. In ce masa ba dutse ba ne, ba iska ba, ba kaifi ba, abokinsa ne da jakinsa, kuma noman da nake masa ba alheri ba ne, biyan bakin da na rufe ne. Ina tsoro. Ina tsoron idonsa fiye da jandarma, ina tsoron Habsu, ina tsoron ranar da zan bar garin da aka binne ubana. Sai in ce wa raina wataƙila ta riƙe, sai in tuna rigar nan tana marmashewa a hannuna.

An sa ranar, Lahadi bayan kasuwa uku, in an gama kafa itatuwa a bakin rijiya. Jiya na kai wa Illa fura, ya kama hannuna ya ce, “Ran da za a zura Shaibu, kai za ka riƙe bakin igiya. Ƙanena ne, ban yarda da hannun kowa ba sai naka.” Na ce to.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?