Kallon Fim Ido a Rufe

Zuwa ga Alƙaliyata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya idon? Ina fata Auta da mijinta da yara duk suna lafiya. Auta, ke da kike karanta mata, ki karanta komai yadda na rubuta, kada ki tsallake inda na yi mata tsiya.

Tun da kika tafi gidansu jiran aikin idon nan, falo ya yi mini girma. In na rufe shagon gyaran keken ɗinki sai in kunna fim yadda muka saba, amma babu mai yanke hukunci. Shekaranjiya na kalli wani a kan likitan da aka sace tun yana jariri. Wallahi har aka gama ban ga ya duba marar lafiya ko ɗaya ba, sai canza motoci. Matarsa kuwa da kwalliyarta take tashi daga barci. Na san da kina nan za ki ce hassadar motar nake yi, kuma tun ba a je ko'ina ba za ki nuna wanda ya sace shi. Ni sai da aka kama direban sannan na gane.

Allah ya sa a yi aikin a sa'a.

Mijinki, Sarkin Gardama.

Alƙaliya,

Ina gaishe ki da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Auta ta ce an yi aikin, ana jiran cire bandeji. Saƙonki ya iso, wai masu jinya sun ba ki labarin fim ɗin likitan, kuma ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwata. Na ji daɗi ƙwarai, don in dai kina da bakin tsokanata, na san da sauƙi.

Maƙwabcinmu Tela ne ke taya ni kallo yanzu. Mun ga wani fim na wa da ƙane masu rigima a kan gonar gado. Wannan kam ya yi, sai dai sun ja shi kamar ba za a mutu ba. Tela ba abokin kallo ba ne, duk abin da na ce sai ya ce haka ne. Ina kewarki.

Naki, Sarkin Gardama.

Matata abin ƙaunata,

Da fatan kin tashi lafiya, kina kuma cin abinci. Auta ta kira ni ta faɗa mini komai: idon hagu ya tafi, na dama sai haske da inuwa. Mun karɓi abin da Allah ya yi. Abin da ban karɓa ba shi ne saƙonki, wai in ba jikoki talabijin ɗin tunda ke da kallo kun yi sallama, kuma za ki zauna wurin Auta don kada ki zame mini nauyi.

Bari ki ji abin da na yi. Na ɗaure idona da gyalenki na kunna sabon fim. A cikin fim ɗin na ji an buɗe ƙofa, aka yi shiru, sai wata ta fashe da kuka. Ban san wa ya shigo ba. Na daɗe zaune a haka, hawayena suka jiƙa miki gyale.

Washegari na sa Tela ya juya wa talabijin baya, ni kuma ina faɗa masa abin da ke faruwa. Da farko ya ce maganata tana danne ta 'yan wasa. Daga baya ya ce na cika bayanin motoci da cusa ra'ayina, har ya tashi ya tafi. Mutumin da bai taɓa yi mini musu ba! Yanzu na koya. Sai 'yan wasa sun yi shiru nake cewa wane ya shigo, wance ta sunkuyar da kai, wannan murmushin bai kai zuci ba. Jiya Tela ya dawo, har ya gano mugun fim ɗin ba tare da ya waiwayo ba.

Shekarun nan duk da muka yi a gaban akwatin nan, ni ba don hoton nake zama ba. Na kasa faɗa miki ne kawai, gardama ta fi mini sauƙi a baki. Ki dawo gida, don Allah. Ki zo ki zauna, in fara bayani, ki katse ni ki ce ban iya ba.

Ina jiranki.

Mijinki.